Mota ba lamba, takarda ta mutu: hukuncin da ke jiran direba a hanyoyin Yantala

Da sanyin safiya, tun kafin ma'aikata su kama hanyar ofis, masu garka na bakin kogi a Yantala sun riga sun ɗaure kayansu. Salati da karoti da shu da albasa mai ganye ana jera su cikin buhuna da kwanduna, a ɗora bisa babur ko a bayan tsohuwar mota, a hau tudu domin a riski kasuwar Katako kafin rana ta yi zafi. A daidai wannan lokaci ne kuma ƴan sandan kula da hanya ke tsayawa a mararraba, kowa da usur ɗinsa. Idan ɗan sanda ya ɗaga hannu, direba ya gangara gefe, gaisuwa ba ta wuce kalma biyu, sai a ce: «Malam, takardu.» Wanda nasa suke cikakku yakan miƙa, a duba, a mayar masa, ya wuce. Wanda kuwa ya san akwai wadda ta mutu a cikinsu, ko babur ɗinsa ba shi da lamba ko kaɗan, shi ne za a ji ya fara da «Ranka ya daɗe, a yi haƙuri», alhali salatin da ke bayansa yana ta yaushi.

Idan haƙuri bai karɓu ba, abin hawa ya tafi furiyer, wato wurin da hukuma ke tsare motoci da babura. Mai shi ya sauke kaya a bakin hanya, ya nemi taksi ko amalanke, cinikin ranar ya lalace, kuma da sauran tafiye-tafiye a gabansa kafin ya sake riƙe makullinsa. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya faru da su ba su san takamaimai laifin da suka yi ba, ba su kuma san bambancin da ke tsakanin takardun da ake tambayarsu ba. Saboda haka ya dace a bi wannan al'amari daki-daki.

Unguwar da hanyoyinta

Yantala tana cikin tsofaffin ƙauyukan bakin kogin Kwara waɗanda birnin Yamai ya haɗiye, kamar maƙwabciyarta Gudel. A yau tana cikin da'ira ta ɗaya daga cikin da'irori biyar na birnin, kuma an raba ta biyu, Yantala ta Sama da Yantala ta Ƙasa. Ta nan ne hanyar ƙasa mai lamba 1 ke fita zuwa Tilaberi da Ayoru, har iyakar Mali. A nan ne kuma ofisoshin jakadancin ƙasashe da dama suke, cikinsu har da na Amurka. Tun da aka buɗe gada ta uku a shekarar 2021, wadda aka sa wa sunan Janar Seyni Kountché, masu zuwa ƙetaren kogi daga wannan ɓangare ba su da bukatar su gangara har gadar Kennedy ta 1970, sai zirga-zirga ta ƙara yawa a yammacin birnin.

Mutanen Yamai ba su kai 300.000 ba a ƙidayar 1977, amma a ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Yawan abin hawa ya bi sawun yawan jama'a, har ma ya zarce shi, tun da babura masu araha suka fara shigowa daga ƙasashen Asiya. A kan kwalta guda ana ganin motar jakada mai lambar CD, da ta ƙungiyar agaji mai lambar IT, da taksi mai jan kai, da faba-faba cike da fasinja, da babbar mota mai yashi, da babur ɗin ɗalibi. Unguwar da ta haɗa hanyar fita gari da gidajen jakadu ba ta rasa binciken jami'an tsaro, dare da rana. Wanda ya saba yawo ba takarda cikin lungunan wata unguwa, da wuya ya ratsa Yantala sau uku ba a tsayar da shi ba.

Takardu biyar da lamba ɗaya

Dokar hanya da ake aiki da ita a ƙasar Nijar ita ce mai lamba 2014-62 ta ranar 5 ga watan Nuwamba 2014. Abin da jami'i ke nema a hannun direba bai wuce abubuwa shida ba, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne permi, shaidar cewa mutum ya iya tuƙi. Wannan na direba ne, ba na mota ba. Na biyu shi ne kart giris, wanda yake tamkar takardar haihuwar mota: a cikinsa aka rubuta sunan mai ita, da irinta, da ƙarfin injinta, da lambar da masu ƙira suka buga a jikin ƙarfenta, da lambar da hukuma ta ba ta. Na uku ita ce lambar kanta, wadda ake kafawa gaba da baya a mota, a baya kuma ga babur, domin a iya karanta ta daga nesa. Tilas abin da ke jikin lamba ya yi daidai da abin da ke cikin kart giris, harafi da harafi.

Sauran ukun su ne masu mutuwa, kuma su ne suka fi jefa jama'a cikin wahala. Binyet lanho ne na shekara-shekara da ake biya ga hukumar haraji, gwargwadon ƙarfin inji. Na bara ba ya aiki bana. Asirans yarjejeniya ce tsakanin mai mota da kamfanin inshora, tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, wata uku ne, ko shida, ko shekara. Takardar bizit kuwa shaida ce cewa masana sun duba birki da fitilu da tayoyi da sitiyari, sun tabbatar motar ba ta zama haɗari ga jama'a ba. Motocin haya da na ɗaukar kaya ana duba su a kai a kai fiye da na gida.

Akwai kuma wata mutuwa da ba a cika lura da ita ba, ta takardun wucin gadi. Motar da ta shigo daga waje tana da takardar duwan mai wa'adi, wadda ta ba ta izinin isa inda za a biya mata kuɗin fito a yi mata rajista. Motar baƙo mai lambar wata ƙasa ita ma an ƙayyade mata kwanakin da za ta yi. Motar ƙungiya ko ta ofishin jakadanci ta shigo ne ba tare da an biya mata fito ba, saboda haka idan aka sayar da ita ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci, sai an biya abin da ke kanta an sauya mata lamba kafin ta halatta gare shi. Wannan ya shafi Yantala ƙwarai, domin motocin irin waɗannan ofisoshi suna da farin jini wajen masu saye, kuma akan sami wanda ya ci gaba da yawo da tsohuwar lamba yana zaton ta zama masa garkuwa.

Inda abin ya samo asali

Lambar mota ta girmi kowane direba da ke raye. A birnin Paris aka fara tilasta ta, da umurnin shugaban ƴan sanda na ranar 14 ga watan Agusta 1893, sa'ad da motoci suka fara firgita dawaki da masu tafiya a ƙasa, aka ga cewa wanda ya yi ɓarna yana iya tserewa ba wanda ya san shi. A shekarar 1901 aka shimfiɗa dokar ga Faransa baki ɗaya, daga can kuma tsarin ya iso ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Yarjejeniyar duniya kan zirga-zirgar hanya, wadda aka sa wa hannu a Biyena ranar 8 ga watan Nuwamba 1968, ta ajiye cewa motar da za ta ƙetara iyaka sai tana da takardar rajista da lamba da alamar ƙasarta. Alamar Nijar ita ce RN.

Binyet ma daga Faransa ya zo. An ƙirƙiro shi a 1956 domin a tara kuɗin taimakon tsofaffi, aka kuma soke shi ga motocin gida a shekarar 2000. A nan kuwa ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin hanyoyin da kuɗi ke shiga baitulmali, inda ake ɗibar albashin malamin makaranta da na likita.

Shekaru da yawa lambobin ƙasar nan suna farawa ne da alƙalamin jiha: 1 na Agadas, 2 na Difa, 3 na Doso, 4 na Maraɗi, 5 na Tawa, 6 na Tilaberi, 7 na Damagaram, 8 na Yamai. Yaro ma yakan gane baƙuwar mota tun daga nesa. Cikin shekarun 2010 aka kafa ofishi guda na harkokin mota, wanda aka sani da GUAN, kamfanin SONILOGA ya fara gudanar da shi, da nufin a tara aikin duwan da na haraji da na Ma'aikatar Sufuri wuri ɗaya, mai mota ya shiga da takardun fito ya fita da kart giris da lamba. Da wannan tsari ne sababbin lambobi suka zo, masu farawa da haruffa biyu.

Matakan hukunci

Hukuncin wanda aka kama hawa-hawa ne, gwargwadon nauyin laifi. Mafi sauƙi shi ne na wanda takardunsa suna nan da ransu amma ya manta su a gida. Laifi ne, domin doka ta ce a nuna su duk lokacin da jami'i ya nema, sai dai yakan ƙare da ƴar tara bayan an kawo su an gani.

Na biyu shi ne na wanda wata takardarsa ta mutu. A nan jami'i yakan karɓe permi ko kart giris, ya rubuta takardar laifi, mai mota ya je komisariya ya biya tara, a ba shi resi. Biyan tara ba ya raya takarda: wanda aka ci tara yau saboda asirans, in bai sabunta ta ba, gobe ana iya sake cinsa a mararraba ta gaba. Game da binyet kuwa, wanda ya bari wa'adi ya wuce zai biya kuɗin shekara cikakke, a ɗora masa ƙarin jinkiri, ga kuma tarar hanya. Ya gudu daga biya ɗaya ya faɗa cikin uku.

Na uku shi ne tsare abin hawa. Motar da ba ta da lamba, ko ba ta da kart giris, ko ba ta da asirans, ba a barin ta ta ci gaba da tafiya, domin laifin yana tare da ita duk inda ta nufa. Sai a kai ta furiyer. Kuɗin ajiya a can na kwana-kwana ne, kowace safiya yana ƙaruwa, kuma ba a sakin mota sai an kawo shaidar cewa an gyara abin da ya sa aka kama ta. A nan ne talaka ya fi jin jiki. Direban taksi da ke kai wa maigidansa kuɗi kowace yamma ba shi da abin kaiwa, ba shi da na cefane, ga bashi yana hawa. Abin hawan da aka yi watsi da shi kuma, rana da ruwan sama su ci tayoyinsa, a ƙarshe hukuma tana da ikon yin gwanjonsa. Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan wuri ya ga babura jere cikin ƙura, waɗanda masu su suka lissafa suka ga kuɗin fansa ya kusa kai na sabo.

Na huɗu ya fita daga hannun ɗan sandan hanya, ya koma na alƙali. Wanda ya kafa lambar da ba tasa ba, ko ya ciro ta wata mota ya liƙa wa tasa, ko ya kankare kwanan wata a takardar asirans, ko ya sayi kart giris na jabu, ya shiga laifin ƙirƙirar takardun hukuma da yin amfani da su. Kundin hukunta laifuka na ƙasa, wanda asalinsa dokar 15 ga watan Yuli 1961 ce, ya tanadi ɗauri ga irin wannan. Mutum ya fito gida da nufin kauce wa ƴan jikkuna kaɗan, ya kwana a gidan kaso.

Cinikin hannu da hannu

Akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare, har mutane ba su ɗauke shi laifi ba. Mutum ya sayi mota ko babur daga abokinsa, a rubuta ƴar takarda a gaban shaidu biyu, a miƙa kuɗi, a miƙa makulli da kart giris, kowa ya kama gabansa. Ba a je an sauya suna ba. Bayan shekara wanda ya saya ya sayar wa wani, shi ma ya sayar wa na gaba, har abin hawa ya ratsa hannu huɗu alhali a littafin hukuma yana nan da sunan mutumin farko, wanda wataƙila ya bar gari ko ya riga mu gidan gaskiya.

Haɗarin wannan ya hau kan kowa. Idan motar ta yi ɓarna aka ɗauki lambarta, ƙofar mai suna za a ƙwanƙwasa, shi ne zai yi ta rantsuwa a komisariya cewa ya rabu da ita tun shekaru uku. Wanda ya saya kuwa ba shi da hujja mai ƙarfi idan aka sace ta, ko magadan mai suna suka taso, ko ta bayyana cewa tun asali ta sata ce.

Sai kuma maganar asirans, wadda mutane kaɗan ne suka sani. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora guda, ta ƙungiyar CIMA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Yawunde ta ranar 10 ga watan Yuli 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Aya ta 41 kuma ta ce idan aka sayar da mota, yarjejeniyar inshorarta tana tsayawa da kanta daga kwana na biyar bayan cinikin. Ma'ana, wanda ya sayi mota ya ga takardar asirans liƙe a gilashi da sauran wata takwas, ya yi murna ya sami garaɓasa, yana yawo ne da takardar da ba ta ɗauke masa komai ba, muddin bai je kamfani an daidaita da sunansa ba. Tun shekarar 2011 kuma an gyara aya ta 13, aka hana inshorar bashi: sai an biya kuɗi yarjejeniya ke fara aiki.

Wanda ke kwance a asibiti

Masu mota sukan ɗauki duk wannan a matsayin rigima tsakaninsu da hukuma. Akwai mutum na uku a cikin maganar, wanda ba ya nan lokacin da ake roƙo a bakin hanya. Shi ne yaron da ke ƙetara kwalta zuwa lakwal, ko tsohuwar da ta taso daga garka da ƙwarya a ka, ko mai amalanken da ya yi dare. Idan mota mai lamba ta buge shi ta gudu, ko mai shago ko mai sayar da shayi wani zai riƙe alƙaluman, jami'an konsta su bi sawu, a sami mai ita, kamfanin inshora ya biya magani da diyya bisa ma'aunin da doka ta ajiye. Idan kuwa ba ta da lamba, shaidu ba su da abin faɗi sai launinta, kuma farar mota a Yamai ba ta ƙidayuwa.

Idan an kama direban amma asirans ɗinsa ta mutu, nauyin duka ya koma wuyansa. Kuɗin aikin ƙashi a Babban Asibitin Ƙasa, da magani na watanni, da diyyar wanda ya nakasa ko ta iyalan wanda ya rasu, ba abin da albashin ƙaramin ma'aikaci ko cinikin garka zai iya ɗauka ba ne. Sai a sayar da motar, a sayar da fili, dangi su yi karo-karo, duk da haka abin bai isa ba. Gida biyu sun lalace ke nan, na wanda aka buge da na wanda ya buge, a kan takardar da aka ce za a sabunta idan wata ya mutu. Tsautsayi ba ya aiko da sanarwa, kuma bai san cewa kwana biyu kawai suka wuce bisa wa'adi ba.

Babur da maganar tsaro

Babura su ne suka fi yawa cikin abin hawan da ke yawo ba lamba. Ana sayen babur a kasuwa kamar yadda ake sayen rediyo, a ba mutum takardar ciniki, ya hau ya tafi, yana ganin abin da bai kai mota ba bai cancanci wahalar rajista ba. Doka ba ta yi wannan bambanci ba. Ɓarayi kuma sun fi kowa sanin amfanin wannan sakaci, domin babur marar lamba da an sauya masa launi ya ɓace ke nan, kuma ko ƴan sanda sun gano shi cikin kayan sata, mai shi ba shi da abin da zai nuna ya karɓa.

Halin tsaro ya ƙara wa al'amarin nauyi. A shekarar 2015, bayan hare-haren da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairu, an kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka hana hawan babur. Daga ranar 1 ga watan Janairu 2020 aka ɗauki irin wannan mataki a sassan jihar Tilaberi. A ranar 9 ga watan Agusta 2020, mahara bisa babura suka kashe mutum takwas a yankin Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Manoma da ƴan kasuwa da masu kai marasa lafiya asibiti sun sha wuyar waɗannan hane-hane, ba don sun yi laifi ba, sai don hukuma ba ta da hanyar rarrabe babur ɗin mai gaskiya da na mugu. Rajista ita ce wannan hanya. Saboda haka jami'in da ke tsaye a hanyar Tilaberi, idan ya ga abin hawa ba lamba, ba maganar lanho kaɗai ke zuwa masa a rai ba.

Kukan jama'a

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu abin hawa suna kukan cewa kuɗin fito da na rajista da na lamba da na asirans, idan aka haɗa su, sun yi wa mai ƙaramin ƙarfi yawa. Lamarin ya ƙara tsanani bayan da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a shekarar 2023, motocin da a da ake saukewa a Kwatano suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi nisa, farashi ya tashi. Mutum ya zuba duk abin da ya tara wajen sayen mota, ta iso, ba shi da sauran abin yi mata takardu, sai ya ce bari ta fara aiki ta biya wa kanta. Akwai kuma kukan jinkiri, da na dillalan bakin ofis waɗanda ke karɓar kuɗi da alkawarin gaggawa, su dawo da takarda ta jabu ko su ɓace. Mafi ɗacin kuka shi ne na bambanci: mai garka ya ga an ɗauke babur ɗinsa, a gabansa kuma wata ƙatuwar mota mai baƙin gilashi, ba lamba gaba ba lamba baya, ta wuce ba a ɗaga mata hannu ba. Dokar da ta tsaya a kan ƙanana kaɗai ba ta samun girmamawa daga kowa, kuma wajibi ne ga mahukunta su tabbatar cewa usur ɗaya ake busa wa babba da yaro.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban da ya naɗe jika cikin kart giris ya miƙa domin a kau da kai, ya shiga laifin cin hanci daidai da wanda ya karɓa, kuma doka tana hukunta su biyun. Kuɗinsa bai shiga baitulmali ba, takardarsa ba ta rayu ba, gobe kuma zai sake biya a wani wuri. In ya tara abin da ya miƙa ta wannan hanya cikin shekara, sau da yawa ya isa ya sayi binyet da asirans har da saura. Tarar gaskiya tana da resi mai lamba da hatimi, kuma haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ya nemi a ba shi.

Abin da ya kamata

Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fanni ba shi da wuya. Mai abin hawa ya duba kwanakin da ke jikin takardunsa, ya rubuta su inda idonsa zai riƙa gani, ya sabunta kowace tun da sauran mako guda. Ya sayi binyet da zarar an buɗe sayarwa a farkon shekara, kafin layi ya yi tsawo. Wanda zai sayi mota ko babur na hannu ya gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin kart giris, ya nemi takardar duwan, ya sa a tabbatar da takardar ciniki a komisariya ko a ofishin magajin gari, sa'an nan ya sauya suna ba tare da ɓata lokaci ba. Wanda ya sayar kuma ya ajiye kofi na takardar, ya sanar da kamfanin inshorarsa. Wanda bai iya karatun Faransanci ba ya tafi da ɗansa ko maƙwabcin da ya amince da shi, ya biya a gaban akawu, kada ya miƙa kuɗinsa ga wanda ya tare shi a bakin ƙofa.

Masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu garka suna da rawar da za su taka wajen faɗakarwa, haka nan hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da gidajen rediyo masu magana da Hausa da Zabarmanci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai garkar da ya ware kuɗin kwando kaɗan na salati a lokacin sanyi, sa'ad da kasuwa ke ci, ya yi wa babur ɗinsa lamba da takardu, zai hau tudun Yantala kowace safiya hankalinsa kwance, ya gaisa da ɗan sanda, ya isa Katako kayansa da sauran raɓa.